Shekarar da Aka Tsaga Mini Wuya

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da ke hawa cinyata kuna shafa tabon da ke wuyana, wannan babin naku ne. Na ji labarin tabon nan a bakin mutane da yawa, kowa da irin nasa. Akwai masu cewa sa ne ya soke ni a kara, wato kasuwar dabbobi, akwai masu cewa ɓarayin hanya ne suka tare ni tsakanin Abala da gida. Waɗannan dariya kawai suke ba ni. Wanda ya hana ni sukuni shi ne na cikin gida, wanda na ji babbar 'yata Ramatu tana ba 'yarta bara, wai wani abu aka saka mini a abinci a gidan abokina Saini na Damana. Ban ga laifin Ramatu ba. Yarinya ce sa'ad da abin ya faru, abin da ta ji a bakin manya shi ta riƙe. Amma ba haka aka yi ba, kuma ba na so in koma ga Allah in bar wannan magana tana yawo a zuriyata.

Ni dillalin dabbobi ne tun ina saurayi. A karar Filinge na tashi, a can gemuna ya yi fari. Dillali kuwa da bakinsa yake noma. Mai dabba yana so ya ji kana yabon ragonsa har na can nesa su jiyo, mai saye yana so ya ji ka rantse masa da ƙarfi cewa bai yi asara ba, kuma duk wannan cikin kukan shanu da ƙarar motoci. Allah ya ba ni murya, ban roƙa ba. Idan na tsaya bakin turken raguna na kira sunan mutum, ko yana can wajen masu goro sai ya waiwayo. Ina kuma da ɗan maƙoƙo a gefen hagu na wuyana, bai fi ƙwan zabo ba, ya daɗe a wurin har na manta da shi. Mahaifiyata da nata ta rayu har ta tsufa. A ƙasarmu ta Kurfai wannan ba abin kallo ba ne.

Saini abokin sana'ata ne, Bazabarme, mutumin Damana, sa'ana a shekaru. Shi ya san fataken da ke zuwa daga Yamai da Baleyara, ni na san Fulani da Buzayen Abala da Sanam, sai muka haɗa hannu. Mun yi shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, muna zagin juna irin na wasa. A bazarar shekarar da nake ba ku labari, ana gab da shiga hada-hadar ragunan layya, muka yi faɗa na gaske. Wani Bafillace daga Sanam ya damƙa mini bijimi irin shanun da ake kira azawak, na riga na yi wa wani mahauci alkawarinsa, ina masallaci Saini ya sallama shi ga wani baƙo. Na fito na tarar ana ɗora shi a mota. Na buɗe murya a gaban jama'a, na faɗa masa abin da na faɗa. Shi ma ya fusata, ya nuna ni da sanda.

"Ka yi ta ihu, Mamman! Wata rana maƙogwaron nan naka sai ya toshe!"

Kowa ya ji. Dattawan kara suka shiga tsakani a ranar, aka sasanta mu, har ma da aka yi sunan ɗansa na je Damana, na ci naman suna, na sha fura, muka yi dariyar abin da ya wuce. Akwai abubuwa biyu da ban ɗauke su komai ba a lokacin. Ina da turmin haƙori da ya ruɓe tun damina, ina cusa masa kanumfari in ya tashi. Sannan ƙishirwa ta dame ni, ina shan ruwa kamar raƙumi, ina yawan zagawa bayan gida, ni kuwa na ɗora wa zafin bazara.

Ba a daɗe da dawowata daga Damana ba zazzaɓi ya kama ni. Na sayi ƙwayoyin masassara a wajen wani mai tallan magani a bakin kasuwa, na sha, ba sauƙi. Sai maƙogwaro ya fara ciwo, ciwon yana harbawa har cikin kunnena na hagu. Ɗan maƙoƙon nan da bai taɓa damuna ba ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi kamar an ɗora garwashi, ko gefen rigata ya taɓa shi sai na zabura. Na daina iya juya wuya, sai dai in juya da jikina duka. Tuwo ya gagara, sannan fura, daga baya yawun bakina ma ya gagara haɗiya, mahaifiyarku Hadiza ta ajiye mini kwano ina tofarwa. Murya ta shaƙe. In na kwanta rigingine sai in ji kamar an taka mini wuya, don haka a zaune nake wuni, na jingina da bango.

Nan fa magana ta tashi. Wanda ya fara haɗa faɗanmu da naman suna ban san shi ba, amma kafin a ce me, duk unguwa ta ɗauka. Yayana Gado, wanda ya riƙe gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, manomi ne mai zafin zuciya da son 'yan'uwansa. Ya zo ya tsaya a kaina ya dube ni, idanunsa suka kawo ruwa.

"Ga shi nan, abin da Bazabarmen ga ya hwaɗi gaban mutane ya tabbata. Maƙogwaro ya toshe. Mi kuke jira kuma?"

Ya sa aka kawo rubutu, ban iya haɗiye shi ba, sai shafa mini aka yi. Washegari da hantsi ya zo da wanzami, aka hura wuta a tsakar gida, aka sa ƙarfen sakiya a ciki. Hadiza ta fito daga madafa, hannunta duk gari, ta durƙusa gaban yayana.

"Yaya, don Allah a dakata. Wuya ne fa, ba ƙahwa ba. A kai shi asibiti ga lokotoro shi gani tukuna."

"Wanga ba ciwon asibiti ba ne, Hadiza. A huda shi, mugun abin shi hito."

Ina jinsu, ina kallon ƙarfen yana yin ja. Na yi shekaru ina tsaye a kan mahauta suna yanka, na san abin da ke kwance a wuyan dabba, na san yadda jini ke tsartuwa in wuƙa ta taɓa manyan jijiyoyin nan. Na ɗaga hannu na girgiza shi. Wanzamin ya dubi yayana, ya dube ni, ya janye ƙarfensa daga wuta. Ana cikin haka muka ji sallama a ƙofar gida, muryar Saini ce. Labari ya kai masa Damana, har da abin da ake faɗa a kansa, bai fasa zuwa ba. Yaya Gado ya tare zaure ya ce ba zai shiga ba. Na tattara ɗan ƙarfin da ya rage mini na yafito Hadiza, ta kawo kunnenta bakina.

"A bar shi shi shigo."

Saini ya shigo, ya dube ni, bai ko gaishe da kowa ba. Ya cire rawaninsa ya yafa a kafaɗa, ya ce da Hadiza ta kama ni ta dama shi ta hagu. Ya riga ya tsayar da motar wani abokinsa a waje.

A asibitin Filinge wata likita muka samu, yarinya ce a idona, da ɗan gilashinta. Ba ta yi gaggawa ba. Ta tambayi yaushe ciwon ya fara, ta tambayi maƙoƙon, ta sa na buɗe baki ta haska, ta daɗe tana kallon ruɓaɓɓen haƙorin nan. Ta taɓa kumburin da yatsu biyu a hankali, ta ce in gwada haɗiya, ta ga yadda kumburin ke motsawa sama tare da maƙogwaro. Aka ɗebi jinina. Sakamako ya nuna ba masassarar sauro ba ce, amma jikina yana yaƙi da wata cuta mai ƙarfi, kuma suga ya yi mini yawa ƙwarai. Ranar na fara jin cewa ina da ciwon suga. Daga nan ta kai ni wani ɗaki, ta shafa mini wani abu mai sanyi da santsi a wuya, ta ɗora na'urar nan da ake duba mata masu ciki. Saini yana tsaye a bakin ƙofa, ya leƙo ya ce:

"Lokotoro, mace ce ko namiji?"

Likitar ta yi dariya, Hadiza ma da ke share hawaye sai da ta murmusa. Ni dariyar ta zo mini, ciwo ya hana. Likitar ta juyo da allon ta nuna musu wani wuri baƙi kamar tafki a tsakiyar fari. Sannan ta ce in daure, ta goge wurin, ta soka allura tana kallon allon, ta ja. Sirinjin ya cika da mugunya, rawaya, mai kauri, warinta ya cika ɗakin. Ta ɗaga shi sama don kowa ya gani, ta yi mana bayani da Hausa tsantsa.

"Baba, a gaban maƙogwaron kowane mutum akwai wata tsoka da muke kira tiroyid. Tana zaune kamar mangala a bayan jaki, buhu ɗaya dama, ɗaya hagu. Ita ce in ta girma ake cewa maƙoƙo. Ba kasafai ƙwayar cuta ke kama ta ba, amma taka ta daɗe da rauni, suga kuma ya karya garkuwar jikinka. Ƙwayar cuta ta shiga buhun hagu ta yi maruru a ciki. Ina zaton daga haƙorin nan ta biyo jini."

Hadiza ta tambaye ta kai tsaye ko abu ne da mutum zai iya ba wani a abinci. Likitar ta ce a'a, wannan ba a zuba shi a kwano. Saini ya juya ya fita waje. Ta taga na hango shi tsugune a gindin bedi, ya rufe fuska da rawani.

Aka ɗaura mini ƙarin ruwa da magani mai ƙarfi, amma likitar ta ce ba za ta riƙe ni ba. Marurun yana danne hanyar numfashi, in ya fashe ta ciki zai iya gangarawa ƙirji, sai Yamai, inda akwai masu aikin wuya. Yaya Gado ya iso a lokacin. Hadiza ta roƙi a nuna masa sirinjin, ya kalla, ya kau da kai.

"Na gani. To wa ya sa ta taru? Ni dai ban taɓa ganin wanda anka kai Yamai anka yanka mai wuya ya komo da ƙahwahunai ba. Mamman, in ka bi mutumen ga, ba da yawuna ba."

Ku da kuka tashi yanzu ba za ku san nauyin wannan magana ba. Tunda aka haife ni ban taɓa tsallake maganar Yaya Gado ba. Shi ya yi mini aure, shi ya raɗa wa yawancinku suna. Na dube shi, na dubi Hadiza da cikin ɗana Sani a jikinta, na ji yadda iska ke shiga ƙirjina da ƙyar kamar ta cikin kara. Na kama hannun yayana na riƙe, sannan na sake shi na nuna motar asibiti. Ya juya ya tafi, bai waiwayo ba.

Tafiyar ba na tuna ta duka. Na tuna rana tsaka, da zafin ƙarfen mota, da duwatsun gefen babban kwarin nan na dallol suna wucewa ta taga. Na tuna Saini zaune a gefena yana riƙe da robar ruwan don kada ta yi ta lilo, duk ramin da muka faɗa sai ya ce mini kala suru, wato sai haƙuri da yarensu. Wajen Baleyara na farka na ji Hadiza tana karanta duk abin da ta haddace.

A babban asibiti a Yamai aka damƙa ni ga wani likitan fiɗa, dattijo mai faɗin kafaɗa da manyan hannuwa, Hausarsa irin ta mutanen Tawa. Da na ga hannuwan nan na ce a raina wannan ai kokawa ta dace da shi. Amma da ya taɓa wuyana ban ji nauyin yatsunsa ba. Ya sake zuƙo mugunyar ya aika da ita ɗakin bincike. Ya ce za su shuka ta kamar iri su ga abin da zai tsiro, don su san ko ƙwayar cuta ce irin ta maruru, ko kuwa irin funfunar da ke kama tuwo in ya daɗe, domin mai ciwon suga kowacce tana iya kama shi, maganinsu kuma ba ɗaya ba ne. Aka fara yi mini allurar suga. Da sakamako ya fito, ya ce ƙwayar irin wadda ke zama a ruɓaɓɓen haƙori ce, yarinyar Filinge ta yi daidai. Aka sauya magani zuwa wanda ya dace da ita. Zazzaɓi ya ɗan sauka, na samu na haɗiyi ruwa kaɗan, har muka fara murna. Sai kumburin ya sake cika. Aka sake duba ni da na'ura, likitan ya jawo kujera ya zauna a gaban gadona, ya sa aka kira Hadiza da Saini.

"Malam Mamman, allura ba za ta gama wanga aiki ba. Marurun ya yi ɗaki-ɗaki, in na zuƙe ɗaya sauran na nan. Buhun hagu ya riga ya lalace. Sai na buɗe, in wanke, in cire shi. Na dama lahiya lau yake, shi kaɗai ya isa ya riƙe ka."

Na yi masa alama da hannu cewa ya ci gaba, don na ga akwai saura a bakinsa.

"Bayan tsokar akwai wata jijiya siririya kamar zare, ita ke motsa murya. Wurin ya kumbura, komi ya manne da juna. Zan neme ta, zan kiyaye ta iyakar iyawata, amma ba ni yi maka alkawarin muryarka za ta komo yadda take. In kuwa munka bari, abin da nike tsoro ya hi murya."

Ya ce mu yi shawara, ya tashi. Na daɗe ina kallon silin. Ina tunanin kara, ina tunanin dillalin da ba a jin maganarsa, da me zai ciyar da gida. Ban iya noma kamar yayana ba, ban iya ɗinki ba, ban iya komai ba sai magana. Na jawo Hadiza na raɗa mata haka. Ta janye kunnenta ta dube ni, irin kallon da take yi muku in kun yi shirme.

"Malam, ni ba murya na aura ba. Ko da hannu za ka riƙa yi mini magana, ka komo gida ɗiyanka su gan ka."

Saini ya ce shi kuma bakinsa bai mutu ba tukuna, in dai ciniki ne, in riƙa tunani shi yana faɗa. Aka ce ana bukatar wanda zai ba da jini saboda ko-ta-kwana. Kafin a rufe baki ya naɗe hannun riga ya bi wata ma'aikaciyar asibitin. Ku riƙe wannan da kyau: mutumin da ake cewa ya ba ni guba, abin da na san ya ba ni shi ne jininsa.

Da safe aka tura ni ɗakin aiki. Na tuna sanyin ɗakin, da fitila babba a kaina, da likitan ya rufe baki da ƙyalle sai idanu. Ya ce in yi bismilla. Na yi. Ban kai ƙarshen abin da nake karantawa ba.

Da na farka, abin da na fara lura da shi iska ce. Tana shiga tana fita ba tare da na yi kokawa da ita ba. Na manta cewa haka numfashi yake. Wuyana a naɗe, wata 'yar roba ta fito daga gefe tana ɗigar da ruwa cikin kwalba. Likitan ya sunkuyo ya ce in faɗi sunana. Na buɗe baki, wani abu ya fito kamar iska ta bi ta cikin zana, amma sunana ne, kuma ya ji. Ya buga tafi sau ɗaya, ya ce ya ga jijiyar da idonsa, tana nan ba ta tsinke ba, ta dai sha wuya, sai a ba ta lokaci. Ya ce mugunyar da ya kwashe ta ba shi mamaki, da an huda wurin da ƙarfe a gida, Allah kaɗai ya san inda za a tsaya. Washegari Hadiza ta kawo koko mai ɗumi. Na kurɓa, ya wuce. Na sake kurɓa, ya wuce. Na riƙe kofin da hannu biyu na shanye shi tas, hawaye na zuba a ciki, na miƙa mata na yi alamar ƙari. Duk naman da na ci a duniya, babu wanda ya kai kokon nan daɗi. Masu jinya na sauran gadaje suka yi ta yi mana barka kamar an yi haihuwa.

Zazzaɓi bai sake dawowa ba. Aka cire robar, aka cire haƙorin da ya jawo mini duk wannan, aka koya mini yadda zan zauna da ciwon suga, wanda har yau muke tare, ni da shi, kowa ya san iyakarsa. An gwada jinina daga baya, aka ce buhun dama yana aikin biyu ba tare da gajiya ba. A Yamai muka yi sallar layya, a kan tabarma a harabar asibiti. Karo na farko ke nan tun ina yaro da kasuwar raguna ta ci ta watse ba ni a ciki.

Ranar da muka dawo Filinge, da ƙafafuna na sauka daga mota a tasha, na ƙi a kai ni gida a kan babur. Na taka tun daga tasha har ƙofar gidanmu, a hankali, ina ɗaga wa mutane hannu. Masu shaguna suka fito, mata suka leƙo ta katanga, domin an riga an gama da ni a bakin mutane. Gida ya cika har zaure. Yaya Gado ne kaɗai bai zo ba. Wannan ita ce tsadar abin da na zaɓa, kuma na ji ta fiye da zafin wuƙa. Damina ta sauka, aka yi shuka, aka yi noma, muna haɗuwa a masallaci ya amsa gaisuwata a taƙaice ya wuce. Ranar sunan Sani ya zo ya yi abin da ya wajaba a kansa ya tafi bai ci komai ba. Sai da aka yi girbi, wata rana da la'asar, ya shigo ya zauna kusa da ni, ya sa yatsa ya ɗaga haɓata ya daɗe yana duban tabon.

"Sun iya ɗumki," ya ce.

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Amma a satin ya ɗora damman hatsi a amalanke ya aika Damana, gidan Saini, ba tare da saƙon komai ba. Wanda ya san Yaya Gado ya san abin da wannan ke nufi. Sai dai hatsi a amalanke ba ya shiga kunnen mata a bakin rijiya, shi ya sa tsohuwar maganar ta ci gaba da yawo har ta iso ga jikokina.

Na koma kara da muryar da ba ta wuce tsawon hannu. Wasu daga cikin masu ba ni dabbobi suka koma wajen wasu dillalai, ban riƙe su a zuciya ba. Saini ya cika maganarsa. Ina duba haƙoran sa, in taɓa ƙugunsa, in raɗa masa abin da na gani, shi kuma ya kwarara da Hausarsa ta Zabarmawa, yana mai da sa saniya, saniya sa, mutane na dariya suna taruwa. Ciniki ya ma fi da, don kowa yana so ya zo ya ga dillali mai baki biyu. A gida kuma kowace safiya ina gwada karatu da ɗan ƙarfi kamar yadda likita ya ce, muryar tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan, amma da na matsa mata sai ta karye. Har na fara saba wa raina cewa iyakarta ke nan.

Wata ranar kasuwa, bayan sanyi ya wuce, ana ɗora shanu a babbar mota, wani jan bijimi mai dogayen ƙaho ya tsinke igiya. Ya yi waje da gudu ya nufi layin masu nono. Kowa ya watse, sai wata tsohuwar Bafillata da ta ba shi baya, ta sunkuya tana gyara ƙwaryarta, ba ta san abin da ake ciki ba. Tsakanina da ita akwai nisa, ba mai iya kai mata. Ban yi shawara da kowa ba, ban tuna da likita ko jijiya ba.

"Inna! Kauce!"

Kara duka ta amsa. Tsohuwar ta zabura ta yi tsalle gefe kamar budurwa, ƙwaryar ta kife, bijimin ya bi ta kan inda take tsaye ya wuce. Na ga mutane ba bijimin suke kallo ba, ni suke kallo. Saini ya saki sandarsa ta faɗi. Na dafa wuyana, na ce alhamdu lillahi, a hankali, sannan na sake faɗa da ƙarfi don in tabbatar, ta fito cikakkiya, da ɗan kaushi a gefenta wanda har yau bai bar ta ba. Mahauta suka fara buga wuƙaƙe a kan tebur, wani ya ɗaga ni sama, dillalai suka kewaye ni ana ta kabbara.

Tsohuwar kuwa ta tashi ta kakkaɓe zanenta, ta dubi nononta a ƙasa, ta ratso taron nan har gabana, ta nuna ni da ludayi.

"Kai ne mai bakin ga? Don Allah dube shi, babba da kai! Ba ka iya yi wa mutane magana a hankali?"

Na durƙusa a gabanta cikin ƙura da kashin shanu, ina dariya har ina riƙe ciki, na ce ta yi haƙuri, ba zan sake ba.